Neman Bangon Takarda Daga Kazaure Zuwa Ɓaɓura

A tsakiyar bazarar bana, bayan sallar isha'i, Baffana ya kira ni a waya. Dattijo ne da ya haura shekara saba'in, kuma shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu da ke Ƙaramar Hukumar Gwiwa. Da muka gama gaisawa, ya tambayi iyali da aiki, sai ya ce, "Ɗana, batun takardar makarantar nan ne. Rubutu dai mun gama shi, riga ce ta gagare mu."

Ga abin da ya faru. A daminar bara iska ta yaye rufin azuzuwa uku na firamaren ƙauyen. Ƙungiya ta zauna ta rubuta koke mai shafi 12, da adadin yaran da ke karatu a gindin bishiya, da ƙiyasin kafinta da na magini. Karon farko sun danne takardun da sitefula suka kai wani ofis. Da suka koma bayan wata biyu, sai suka tarar shafin farko ya yage ya ɓace, ma'aikacin da ke wurin bai ma san daga wane gari koken ya fito ba. Shi ya sa a wannan karo suka ƙudura sai sun yi wa takardar bango, kwafi 15, domin a raba wa duk wanda ake sa ran zai iya taimakawa kafin ruwa ya sauka. Wani mai ɗab'i a Kano ya yanka musu kuɗin da ya haura rabin abin da suka tara, alhali wasu sai da suka sayar da tiyar gero kafin su ba da nasu karo-karon.

Na ji kunya ƙwarai. Shekara goma sha ina karɓar kundayen ɗalibai masu baƙin bango da rubutun ruwan zinare, ina jera su a kanta, ban taɓa tambayar nawa bangon ya ci ba, balle abin da aka sayar aka biya. Na ce wa Baffa ya dakata da biyan kuɗin, zan taho da kaina.

Na bar Kano da hantsi, na kama hanyar Daura, na ratsa Ɗambatta. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Duk wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano yakan san ya kusa Kazaure idan ya fara hango duwatsu da tuddai suna tasowa dama da hagu, ga kuma ruwan dam yana ƙyalli a gefen gari. Masarauta ce da Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, kuma a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Tana cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa.

Abin da ya kawo ni kuwa yana da nasaba da wani ɓangare na tarihin garin na baya-bayan nan. A 1991 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, wadda daga baya aka sa mata sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ɗan garin ne, aka buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da mutane ke kira Infomatiks. Waɗannan makarantu biyu sun yaye matasa da yawa da suka iya sarrafa kwamfuta, sun kuma tara ɗaliban da kullum suke da abin bugawa. Inda mai saye da mai sayarwa suka haɗu kuwa, nan kasuwa take ci. Shi ya sa za ka ga shagunan kwamfuta a jere, kowanne da janaretansa a ƙofa.

Na shiga ɗaya daga cikinsu. Mai shagon saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba. Na zayyana masa buƙatata, ya saurara har na gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, wanda ya ba ku wancan farashi bai cuce ku ba. Babban inji ya lissafa muku, ku kuma aikinku na ƙaramin inji ne."

Bayanin da ya yi mini ya cancanci duk mai hulɗa da takarda ya ji shi. Manyan maɗaba'u suna amfani da injuna irin su Heidelberg Kord na ƙasar Jamus. Kafin irin wannan inji ya buga hoto mai launi, sai an yi masa farantin bugu guda huɗu, ɗaya na shuɗi, ɗaya na ja, ɗaya na rawaya, ɗaya na baƙi. Sai kuma an ɓata takardu masu yawa kafin launin ya daidaita. Kuɗin waɗannan faranta ɗaya ne, ko kwafi 15 za ka buga ko 5,000. Mai buga kalandar siyasa ko katin biki dubbai yakan ga sauƙi, domin kuɗin ya rarrabu a kan kwafi masu yawa. Mai kwafi 15 kuwa shi kaɗai zai ɗauki jinkar. Akwai kuma injin da masu sana'ar ke kira di-ai, wanda yake bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba. Shi ne daidai da ƙaramin aiki mai launi, sai dai kowane shafi da kuɗinsa, kuma sau da yawa sai an aika Kano.

Na tambaye shi dalilin da ya sa komai ya yi tsada haka. Ya nuna mini kwalin takarda a kusurwa, ya nuna janareta a waje. Gaskiyarsa. Kusan duk farar takardar da muke rubutu a kai daga waje ake shigo da ita. Ƙasar nan ta gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma babu wadda take wadatar da kasuwa da takardar rubutu a yau. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, kuɗin bandir ɗin takarda mai warƙa 500 da na tawadar inji da na fetur ɗin janareta suka tashi tare. Duk wanda ya biya kuɗin bango a Kazaure, ya biya kuɗin jirgin ruwa da na canjin Dala ko bai sani ba.

Daga nan muka zauna lissafi. Shafi 12 sau 15, idan an buga a fuska ɗaya, warƙa 180 ke nan ta takardar A4. Ya ce a bar wannan. A ɗauki babbar takarda A3, wadda ta ninka A4 sau biyu, a buga gaba da baya, a naɗe ta a tsakiya. Kowace warƙa ta ba da shafi huɗu, warƙa uku sun gama kwafi ɗaya, 45 sun gama aikin duka. Takardar da za a ci ta ragu da rabi, abin kuma ya fito kamar ɗan littafi. Bangon kuwa a sayi kati mai launi, mai matsakaicin kauri, kamar giram 160 zuwa 180, domin wanda ya fi haka kauri yakan maƙale a inji. A buga masa baƙin rubutu da injin fotokwafi, launin katin ya wadatar. Hoton azuzuwan da iska ta yaye shi kaɗai za a buga da launi, ƙanana guda takwas a warƙa ɗaya mai sheƙi. Warƙa biyu sun ba da 16, a yanka da reza da rula, a manna da gam a tsakiyar bango.

Ya ƙara mini da gargaɗi uku da na rubuta a bayan ambulan. Tawadar ƙaramar firinta mai ruwa takan zuba idan gumi ko yayyafi ya taɓa ta, ta injin fotokwafi kuwa gari ce da zafi ya narkar a jikin takarda, ba ta zuba. Ɗaurin roba mai zobba da ɗalibai ke kira sifiral yakan bushe ya karye a zafin ƙasarmu, kuma akawu ba ya son sa domin ba ya zama lafiya a fayil. Kati kuma kafin a naɗe shi, a ɗora rula a ja layi da bayan wuƙa, in ba haka ba zai tsage a gadon baya. Na tuna da karin maganar nan ta bango da ƙadangare, na ga ashe har a takarda haka abin yake.

Saura ado. Saurayin ya buɗe kwamfuta ya nuna mini furanni da ƙyalƙyali iri-iri da ya sauko da su daga intanet. Babu wanda ya kwanta mini. Koken ƙauyen da yaransa ke zaune a ƙasa bai kamata ya fito kamar katin ɗaurin aure ba. Na ce ya jira ni zuwa gobe, na nufi Roni, inda wani abokin karatuna yake shugabantar wata makaranta.

Hanyar Roni ta duwatsu ce, gonaki a tsakaninsu an share an tara kara ana jiran ruwa. Abokina ya saurari labarina ya yi dariya, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai takardun shirin bikin yaye ɗalibai na shekaru da dama, kowanne da bangon katin da ake yin fayil da shi, an buga masa hatimin makaranta a tsakiya, an rubuta shekara da hannu. Ya ce hatimi sau ɗaya ya biya kuɗinsa, yau shekara nawa yana yi masa aiki. Wata dabarar kuma ita ce a yanke 'yar taga a jikin bangon, yadda sunan takardar da ke shafin farko zai leƙo ta ciki, ka ga ba a buga komai a kan katin ba ke nan.

Da la'asar ya kai ni tsangayar wani alaramma a bayan gari. A nan na ga abin da na daɗe da sani amma ban taɓa haɗa shi da wannan matsala ba. Tun kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, tun kafin a kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ƙasar Hausa tana da masu yin littafi kwafi ɗaya tak, su kuma yi masa sutura. Mahaddaci ya rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara a warƙoƙi warwatse, a sa su tsakanin tadarishi, a naɗe, baduku ya ɗinka gafaka ta jar fata. Takardar kanta a ƙarni na 19 daga Italiya fatake suke kawo ta ta hamada, mai alamar jinjirin wata uku a jikinta. Wato tsadar takardar waje ba yau ta fara ba, kuma kakanninmu sun san yadda ake tattalinta. Tawada kuwa a gida ake haɗa ta, da gawayi da ƙaro, ko da 'ya'yan bagaruwa.

Na roƙi alaramma ko wani gardinsa zai zana mini zayyana irin ta allon sauka, a gefe huɗu na farar takarda, a bar tsakiya fili. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Malam, zane dai za a yi maka. Amma ba za a sa aya ko guda ba, domin takardar ofis ba a san inda za ta kwana ba." Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, haka ne." Kafin magariba wani matashi ya gama, da baƙar tawada zalla, layuka suna saƙa juna kamar aikin wuyan riga. Na ba shi abin goro, ya karɓa da hannu biyu. Na shimfiɗa takardar a inda haske yake, na ɗauki hotonta da waya, na aika wa saurayin Kazaure ta WhatsApp. Ya goge dattin hoton a kwamfuta, ya rubuta sunan ƙauye da na ƙungiya da abin da ake nema da manyan baƙaƙe, ya sa lambar wayar sakatare a ƙasa. Washegari da rana direban motar haya ya sauke mana kwali a tashar Gwiwa.

A zauren Baffa aka yi sauran aikin. Yara biyu 'yan sakandare suna naɗe takardu, sakataren ƙungiya yana manna hotuna, ni ina riƙe da rula. Da muka zo ɗauri sai muka tarar ƙaramar sitefularmu ba ta kai tsakiyar takarda. Baffa ya aika a kira tela. Ya zo yana mamaki, ya duba kaurin, warƙa uku da kati ɗaya, ya ce ai wannan bai kai wandon kaki ba. Ya sa babbar allura, ya buɗe tazarar ɗinki domin kada takardar ta yage, ya bi gadon bayan kowane kwafi da baƙin zare. Kafin la'asar 15 ɗin sun kammala. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce 'ya'yansa biyu suna cikin masu zama a gindin bishiyar.

Da muka haɗa lissafi, da kuɗin kati da na bugu da na mota da goron gardi, abin da aka kashe bai kai sulusin farashin Kano ba. Baffa ya ɗauki kwafi ɗaya ya juya shi gaba da baya, ya shafa zanen da yatsa, ya ce, "To, yanzu ta yi kama da mu."

Bayan kwana biyu na nausa gabas zuwa Ɓaɓura, wadda take ƙarƙashin Masarautar Ringim, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ƙasar nan ta fi yashi da fili, ƙasar gero da riɗi da zoɓo. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin, kuma duk inda jami'a ta sauka, abin da na gani a Kazaure shi zai biyo baya: ɗakunan haya, masu abinci, da shagunan kwamfuta. Na zauna a ɗaya daga cikin shagunan na kusan sa'a guda ina kallon masu shigowa. Wata malamar asibiti da rahoton kwafi uku. Wani wakilin ƙungiyar manoma da takardar neman rance. Wata ɗaliba da ta zo daga wata makaranta a wata jiha, an ce ta kawo kundinta kwafi huɗu da bango mai tauri, ta tsaya tana kiran yayanta a waya tana rage murya. Babu mai buƙatar kwafi dubu a cikinsu. Dukkansu 'yan uku ne da biyar da goma, wato mutanen da babban inji ba ya yi wa rana.

Yarinyar nan ta tsaya mini a rai, domin irinta nake koyarwa. Mu malaman manyan makarantu mun gaji wata al'ada ta neman kwafi uku ko huɗu masu tauri daga kowane ɗalibi, tun zamanin da babu wata hanyar adana aiki sai takarda. Yau kowane kundi a kwamfuta ake rubuta shi. Kwafi ɗaya mai tauri domin ɗakin karatu ya isa, sauran a karɓa a na'ura. Wanda za a kai gaban masu jarrabawa kuwa, tun da gyara za a yi masa a sake bugawa, bangon kati ya wadatar. Na sha ganin kundayen da aka sha wuya aka biya kuɗinsu jibge a bayan ƙofa, gara tana ci.

Akwai kuma abin da hukumomin makarantu za su iya yi ba tare da sun kashe ko kwabo na aljihunsu ba. Tun da babban inji yana sauƙi ne idan kwafi ya yi yawa, sashe ko tsangaya ta buga bango dubu ɗaya ko biyu a lokaci guda, da tambarin makaranta da launinta, a bar gurbin suna da take fili. Kowane ɗalibi ya sayi nasa a kan asalin kuɗinsa, ya kai shago a buga masa sunansa da baƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ɗalibai ɗari biyar suna iya ɗaukar kuɗin faranti huɗu ba su ji ba. Haka ƙungiyoyin gari da makarantun Islamiyya na yanki ɗaya za su iya haɗa kai. Sharaɗin kawai shi ne kada abin ya koma wata sabuwar hanyar tatsar ɗalibai, a wajabta musu saye a wuri ɗaya da farashin da aka ga dama.

Wani zai ce ai abin da ke ciki shi ne muhimmi, fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Na yarda, kuma na sha kayar da kundi mai kyan bango da babu komai a cikinsa. Amma wanda ya taɓa zama a ofis ya san takarda takan bi hannu biyar kafin ta isa ga mai sa hannu, daga masinja zuwa akawu zuwa sakatare. Bango shi yake riƙe ta a wannan tafiya, shi yake faɗin sunanta idan mai ita ba ya nan. Mai hali yakan bi takardarsa da waya da ziyara da ɗan'uwa a sama. Talaka kuwa sau da yawa takardar ce kaɗai wakiliyarsa. Saboda haka neman hanyar da zai suturta ta daidai ƙarfinsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata makarantun fasaha da ke Kazaure da Ɓaɓura su ɗauki wannan a matsayin ilimin da ya cancanci koyarwa, su kuma tuna da gardawan tsangaya da dukawa da teloli da ke kewaye da su.

Mai karatu zai so ya ji ƙarshen koken Baffa. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu ba a ɗora kwano ko ɗaya a kan azuzuwan ba, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. An dai raba kwafi 13, an buga wa kowanne hatimin karɓa. Daga wuri ɗaya an kira lambar da ke ƙasan bangon, an ce za a turo mai duba gini. Sauran biyun Baffa ya sa su a leda ya ajiye a cikin akwatinsa, tare da takardun gona. Ya ce idan an yi shiru zuwa sabon wata, zai ɗauki ɗaya ya koma da kansa. Allah Ya sa a dace kafin ruwa ya sauka.